Yaƙin kwana biyar na Mali da Burkina Faso: wa ya ja, wa ya ci?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare muna zaune wajen mai shayi nan Samaru ana ta musu a kan ƙawancen nan na Mali da Burkina Faso da Nijar, wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba yana ta kumfar baki wai su waɗannan ƙasashen uwa ɗaya uba ɗaya ne tun fil azal, Turawa ne kawai ke son shiga tsakaninsu. Akwai wani dattijo a ƙarshen benci tun da aka fara bai ce uffan ba, sai ya ajiye kofinsa ya ce, yaro, ka san jiragen Mali sun taɓa zubo bam a garuruwan Burkina? Wurin ya yi tsit. Ni kaina na ɗauka zolaya ce, sai da na koma gida na duba na tarar ashe gaskiya ne, a Disambar 1985 sun gwabza na kwana biyar, kuma lokacin Thomas Sankara ke mulki, wannan dai da ake buga hotonsa a riga. To masana na gidan nan a warware mana, me ya haɗa su, kuma wa ya tsokano wani?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Kai ni yau na fara ji wlh. Sankara da yaƙi da maƙwabci? Na zata shi duk faɗansa da Faransa ne.

Malam Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Dattijon nan ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Bari in ɗan ja dogo, ku yi haƙuri.
Abin da suka yi faɗa a kai wani ziri ne na ƙasa ana ce masa Agasher, tsawonsa kamar kilomita 160, can arewacin Burkina inda ta haɗu da Mali, wajen kogin Beli. Ba birni ba ne, ba ma babban gari a ciki, daji ne na makiyaya, Fulani da Buzaye, ga tafkuna da dabbobi ke sha da rani. Amma an yi ta yaɗa cewa akwai arziki kwance a ƙarƙashin ƙasar, ma'adinai da iskar gas, kun san kuwa da zarar an ce akwai wani abu a ƙasa to kowa sai ya tuna kakansa ne ya sare dajin.
Asalin ruɗanin kuma daga Faransa yake. Su suka ƙirƙiro Volta ta Sama, wato tsohon sunan Burkina, a 1919. A 1932 suka ga ba ta kawo musu riba suka rushe ta, suka raba ta uku, wani yanki Kodebuwa, wani Nijar, wani kuma Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali a yau. A 1947 suka sake haɗa ta. To ku duba, shekara goma sha biyar ƙauyuka na ƙaura daga hannun wannan jami'i zuwa wancan a kan takarda, shi kuma Bafulatanin da ke wurin bai ma san an yi ba, shanunsa dai yake bi. Da aka samu 'yancin kai a 1960 kowace ƙasa ta ɗauko takardar da ta fi mata daɗi.

Ɗan Samaru:
Malam Allah ya saka. Kenan tun 1960 ake ta rigimar har 1985?

Malam Na Tudun Wada:
Ana ta ja-in-ja dai. Sun fara taɓa juna a ƙarshen 1974, lokacin Musa Traore ke mulkin Mali, Lamizana kuma na Volta ta Sama. Harbe-harbe ne na ɗan lokaci, maƙwabta da ƙungiyar haɗin kan Afirka suka shiga tsakani. A wannan karon ne ma Sankara ya fara suna, yana ƙaramin hafsan soja. Ya karɓi mulki 4 ga Agusta 1983, bayan shekara guda ya sauya wa ƙasar suna. Abin da zai ba ku mamaki shi ne a Satumbar 1983 ƙasashen biyu sun sa hannu cewa a kai maganar kotun duniya. Ma'ana lokacin da aka yi yaƙin 1985 shari'a na gaban alƙali, ba a yanke ba.

Kwamared:
Malam da girmanka amma ka tsallake babban abu. Wannan ba yaƙin iyaka ba ne, yunƙurin kifar da Sankara ne aka lulluɓe da rigar iyaka. Mutumin da ya rage wa ministoci albashi, ya sayar da manyan motocin gwamnati ya ce a hau ƙarama, ya yi wa yara miliyoyi rigakafi cikin 'yan makonni, kana tsammanin tsofaffin shugabannin yankin za su bar shi ya zauna lafiya? Musa Traore tun 1968 yake kan kujera da bakin bindiga, ma'aikatansa ana wata da watanni ba albashi, ga fari ya cinye ƙasa, ga wani yaro a maƙwabta yana nuna wa talakawa cewa ana iya yin mulki ba sata. Dole hankalinsa ya tashi. Wa ya fara kai hari ranar Kirsimeti? Mali ce. Shi kenan magana ta ƙare.

Bakano a Zariya:
Kwamared an zo wurin 😂 tun da na ga sunan Sankara na san ba za ka bari a sha ruwa ba.

Malam Na Tudun Wada:
Kwamared ban tsallake ba, ban iso ba ne. Gaskiya ne Mali ce ta buɗe wuta da asubahin 25 ga Disamba, kuma gaskiya ne shi Sankara ya ɗauki abin a matsayin shirin tumɓuke shi. Amma kafin nan me ya faru? Burkina ta shirya ƙidayar jama'a a watan na Disamba, masu ƙidaya suka shiga ƙauyukan da ake taƙaddama a kansu, aka samu hatsaniya, sai Burkina ta tura sojoji wurin. Ka tsaya ka yi tunani, gona tana gaban alƙali, kai kuma ka aiko yaranka da igiya suna awo suna rubuta sunan masu zama a ciki. Ko a nan Zariya wa zai yarda? Ƙidaya ba ƙirga kai kawai ba ce, duk wanda ka ƙirga kana cewa naka ne. Sannan bakin Sankara bai da linzami, ya sha faɗin maganganun da ke nuna cewa maƙwabta ma na buƙatar juyin juya hali, kuma kowa ya san da wa yake. Ina son mutumin nan, a zamaninmu na ɗalibta a Samaru kusan kowane ɗaki akwai mai hotonsa, amma so bai hana a faɗi gaskiya.

Kwamared:
To don an ƙirga mutane sai a ɗauko jirgin yaƙi? Biro da takarda fa aka je da su, shi kuma ya rama da bam. Ina adalci a nan?

Malam Na Tudun Wada:
Babu. Ban ce akwai ba. Cewa na yi wanda ya taka wutsiyar maciji shi ma yana da nasa kason.

Maman Ilham:
Ni dai tambayata su waye aka jefa wa bam ɗin? Sojoji ko mutanen gari? Don kullum in maza suna wannan lissafin na wa ya fara wa ya rama, ba a cika tuna matar da ta fita kasuwa sayen kayan miya ba.

Malam Na Tudun Wada:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Mali na da jiragen yaƙi ƙirar MiG na Rasha da tankoki, Burkina kuwa ƙarfinta a sama bai taka kara ya karya ba. Jiragen Mali sun kai hari garuruwa irin su Jibo da Wahiguya, kuma a Wahiguya har kasuwa abin ya shafa, fararen hula suka mutu. Ita ma Burkina ta rama a kan garin Sikaso da ke kudancin Mali. Ki duba taswira ki ga nisan Sikaso da wurin da ake faɗa a kai, ɗaruruwan kilomita ne, mutumin Sikaso wataƙila bai taɓa jin sunan Agasher ba sai ranar.

Tsohon Soja:
Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna min wannan hirar ya ce Baba ga irin taku ana yi, shi ne na ce a ba ni wayar.
Ku yara kuna cewa kwana biyar kamar wani abu ne kaɗan. Ni a Depot na nan Zariya aka horar da ni, kuma ina cikin waɗanda aka kai bakin tafkin Cadi a 1983 lokacin da sojojin Cadi suka shigo tsibiran da ke ɓangarenmu. Shagari ke mulki, Buhari ne kwamandan runduna ta uku da ke Jos, shi ya jagoranci korar su. Wannan ma a littafi layi biyu ne, an shigo an kore su, shi kenan. Amma ni na san abin da na gani. Ruwa ne da ciyawa doguwa ta fi mutum tsayi, ba ka ganin wanda ke gabanka taku goma, sauro kuwa in ya taso da magariba kamar hayaƙi. Ƙafa ta jiƙe cikin but har fata ta yi fari tana saɓulewa. Akwai wani yaro da muke tare, ɗan wajen Giwa, ango ne ko wata uku bai yi da aure ba, kullum yana fito da wani ɗan hankici da amaryar ta yi masa ɗinkin fulawa a gefe yana nuna mana muna tsokanarsa. Bai dawo ba. Ni na kawo kayansa gida, kuma har yau in na bi hanyar Giwa sai gabana ya faɗi.
Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne masuntan wurin. Mun tarar da wani tsoho yana shanya kifi, muka tambaye shi nan Najeriya ce ko Cadi, ya yi dariya ya ce shekarun baya nan duk ruwa ne, da ruwan ya janye ƙasa ta fito shi ne ya kafa bukka, yanzu kuma kowa ya zo da bindiga sai ya ce masa ga sunan ƙasar. Ya ce ku dai ku gama ku faɗa min wanda zan ba haraji.

Ɗan Samaru:
Allahu akbar. Baba Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan abokin naku.

Maman Ilham:
Amin ya Allah. Baba kun sa ni hawaye wlh. Ita amaryar fa?

Tsohon Soja:
'Yata ta yi takaba ta koma gidansu, daga baya na ji ta yi aure. Rayuwa ai ba ta tsayawa.

Kwamared:
Baba Allah ya saka muku da alheri, mun gode da hidimar ƙasa. Amma ku gafarce ni, ai wannan da kuka faɗa shi ke nuna wani lokaci dole ne. Da ba ku je ba da yanzu tsibiran nan na hannun wasu. Ƙasa ba ta zama ƙasa in kowa zai iya gutsurar gefenta ya tafi.

Tsohon Soja:
Ɗana ban ce kar a kare ƙasa ba, in yau aka ce in koma da ƙarfina zan koma. Abin da nake faɗa maka kar ka riƙa jin daɗin labarin yaƙi, don na lura masu zaƙin baki a kansa galibi ba su taɓa jin ƙarar harsashi ya wuce kunnensu ba. Kuma ka tambayi lauyoyin gidan nan ƙauyuka nawa na bakin tafkin nan aka miƙa wa Kamaru daga baya da biro, ba a harba ko ɗaya ba.

Barista Kongo:
Ranka ya daɗe Baba, gaskiya ne. Hukuncin kotun duniya na 10 ga Oktoba 2002 kowa Bakassi ya riƙe, amma ya shafi har yankin tafkin Cadi, Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a ƙarshen 2003 aka miƙa su. Yawancin mazauna wurin masuntanmu ne da suka bi ruwa yana janyewa suna binsa har suka tsallaka layi ba su sani ba. Bakassi kuma sai Agustan 2008 aka kammala miƙa ta.
Bari in dawo kan Mali da Burkina don shari'ar nan duk wanda ya karanta dokar ƙasa da ƙasa ya ci karo da ita. An tsagaita wuta 30 ga Disamba 1985. Najeriya da Libiya sun sa baki, lokacin Babangida na 'yan watanni a mulki, amma wadda ta zauna ita ce yarjejeniyar da ƙungiyar tsaron ƙasashen yankin rainon Faransa ta kawo, ana ce mata ANAD. A Janairun 1986 Sankara da Musa Traore suka haɗu a Yamusukuro ta Kodebuwa, kowa ya yarda ya janye sojojinsa. Sai 22 ga Disamba 1986 kotun duniya da ke Hague ta yanke hukunci, saura kwana uku yaƙin ya cika shekara. Alƙalai biyar ne suka zauna, shugabansu Mohammed Bedjaoui ɗan Aljeriya. Kun san me suka yi? Raba wurin suka yi kusan biyu daidai, yamma ta tafi Mali, gabas wajen kogin Beli ta tafi Burkina. Akwai ma wani tafki da ake kira Sum, da takardu suka kasa nuna na waye sai suka ce a tsaga shi biyu. Duka shugabannin suka ce sun karɓa.

Bakano a Zariya:
Tsaya tsaya Barista. Kana nufin bayan jirage da tankoki da gawarwaki, aka tafi har ƙasar Turawa aka biya lauyoyi kuɗin waje, ƙarshe abin da aka ce shi ne a raba biyu? Wlh dagacin ƙauyenmu zai yanke wannan kafin shayinsa ya huce, kuma goro kawai za a ba shi.

Barista Kongo:
Hhh ba ka yi ƙarya ba, amma ba haka kawai suka ce a raba don a zauna lafiya ba. Sun bi ƙa'idar da shugabannin Afirka da kansu suka amince da ita a Alƙahira a 1964, cewa kowa ya riƙe iyakar da ya gada ranar da ya samu 'yanci. Kotu ta kwatanta abin da hoto, wato a ɗauki hoton yadda ƙasa take ranar da Bature ya tafi, a tsayar da agogo a nan. Aikin alƙalan shi ne su tono tsofaffin wasiƙun gwamnonin Faransa da dokokinsu da taswirori su gano yadda hoton yake. Sun kuma ce taswira ita kaɗai ba hujjar mallaka ba ce, shaida ce kawai da ake haɗawa da wasu. Da suka bi takardun ƙauye bayan ƙauye, tafki bayan tafki, sai layin ya faɗo kusan tsakiya.

Kwamared:
Kun ji ko? Mu yi faɗa a kan layin da Bature ya zana, sannan mu tafi garin Bature ya buɗe akwatin kakansa ya faɗa mana inda layin yake. Wannan in ba bauta ba mene ne? Shi ya sa nake cewa a goge iyakokin nan gaba ɗaya.

Barista Kongo:
Kwamared a goge a koma wanne? Na kafin Bature? To na wace shekara? Don in ka ce a koma na da, Zazzau za ta ce ƙasarta ta kai har Keffi da Nasarawa, Katsinawan Maraɗi su ce a ba su Katsina, Borno ta ce rabin tafkin Cadi da abin da ke bayansa nata ne. Waɗanda suka zauna a 1964 ba don suna son layin Bature suka riƙe shi ba, sun hango in aka buɗe wannan ƙofar ba mai iya rufe ta. Mugun layi da kowa ya sani ya fi kyakkyawan layi da kowa ke da nasa a kai.

Bakano a Zariya:
Ku Zage-zagi da an taɓa sai ku ce ƙasarku ta kai Keffi 😂 ku fara gyara hanyar Kwangila tukuna.

Ɗan Samaru:
Bakano ka kiyaye mu, a garinmu kake cin abinci 😂

Admin:
Jama'a a ci gaba da muhawara amma ban da zagi, na goge saƙo biyu yanzu. Wanda ya san nasa ne ya gyara.

Alhaji Mai Albasa:
Ni ban yi boko mai zurfi ba amma iyaka na san ta da ƙafata, shekara ashirin da wani abu ina bin hanyar Illela da Konni, wani lokaci Jibiya zuwa Maraɗi. Mahaifiyata ma 'yar Maraɗi ce, kawunnaina duk suna can. Abin da 'yan birni ba su gane ba, mu a wajenmu boda ba bango ba ce, kasuwa ce. Akwai mai gona rabi nan rabi can, akwai wanda masallacin Juma'arsa na wancan gefen. Ranar da manya suka ɓata kuwa mu ne farkon shan wuya tun kafin a harba komai. Da aka rufe boda a 2023 bayan juyin mulkin Nijar ina da mota cike da albasa ta maƙale, kwana da kwanaki tana tsaye cikin damina, tun ana jin wari daga kusa har ya zama daga nesa, ruwa baƙi na ɗiga ta ƙarƙashin mota, ƙarshe leburori na biya suka zubar. Biyan kuɗi fa don a zubar da dukiyarka. Kuma lokacin ana ta maganar za a tura soja, na kira kawuna a Maraɗi ya ce min, to ɗan nan in kun zo yaƙin ka biyo ta gida ka ci tuwo tukuna. Muka yi dariya amma bayan na kashe wayar sai da na yi shiru na daɗe.
To nake tunanin su Fulanin Agasher ɗin nan da aka ce an tsaga musu tafki biyu, saniya ta san rabin da za ta sha?

Maman Ilham:
Alhaji wannan tambayar taka ta fi duk abin da aka faɗa yau. Allah ya mayar da alheri.

Malam Na Tudun Wada:
Amin. Alhaji ai saniya ba ta sani ba, kuma ba wanda ya tambayi mai ita. A duk takardun da aka tara a Hague muryar gwamnonin Faransa da suka mutu tuntuni ta fi ta makiyayin da ke raye ƙarfi.
Wani abu kuma da na lura da irin waɗannan gajerun yaƙoƙin, kullum akwai ɗan ƙaramin dalili da ake nunawa da kuma babban da ke ƙasa. A 1969 El Salvador da Honduras can yankin Amurka ta tsakiya sun yi na kwana huɗu, har yau ana ce masa yaƙin ƙwallo don ya biyo bayan wasannin neman shiga gasar kofin duniya ta 1970, alhali rigimar gonaki ce da korar baƙi 'yan ci-rani. Nan ma an ce ƙidaya. Ƙidaya ashana ce kawai, itacen an daɗe da tara shi, mutum biyu ne kowanne soja, kowanne na ganin in ya ja da baya an raina shi a gida.

Ɗan Samaru:
Malam to arzikin da aka ce yana ƙasan fa, wa ya haƙa?

Malam Na Tudun Wada:
Wa kuwa? Ka je ka gani in za ka iya zuwa. Yankin nan yanzu yana cikin inda ake kira iyakoki uku, mahaɗar Mali da Burkina da Nijar, inda masu ɗauke da makamai suka fi addaba. Jibo ɗin da jiragen Mali suka kai wa hari a 1985, a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun sha datse hanyoyin shiga garin har abinci sai da rakiyar soja ko ta sama. Layin da aka zubar da jini a kansa, su waɗannan a kan babur suke tsallake shi safe da yamma ba mai tambayarsu takarda.
Su kuma mutanen biyu, Sankara an kashe shi 15 ga Oktoba 1987, ba Mali ce ta kashe shi ba, daga cikin gida ne, amininsa Blaise Compaore ya hau. Musa Traore sojojinsa suka kifar da shi a Maris 1991, ya rasu a Bamako a 2020.

Barista Kongo:
Ga wani abu da na lura da shi yanzu da nake duba kwanakin. Yarjejeniyar kai ƙara kotu 16 ga Satumba 1983 aka sa mata hannu. Yarjejeniyar kafa ƙawancen Sahel na Mali da Burkina da Nijar kuma 16 ga Satumba 2023. Shekara arba'in cif, rana ɗaya.

Kwamared:
To alhamdu lillahi kun dawo kan maganata da kanku. Waɗanda suka yi faɗa jiya yau sun haɗa kai, sun gane abokin gabarsu ɗaya ne. Yaron wajen mai shayi bai yi kuskure ba, gaba ya hango.

Malam Na Tudun Wada:
Ya yi kuskure mana, cewa ya yi ba su taɓa saɓawa ba. Ni ina musu fatan alheri har zuciyata, zaman lafiyarsu namu ne, Nijar ce fa a tsakani. Amma ƙawancen yanzu na shugabanni uku ne da ra'ayinsu ya zo ɗaya, dukkansu sojoji. A 1985 ma sojoji biyu ne, ra'ayin ne ya bambanta. Ranar da ɗaya daga cikin ukun nan ya sauka wani mai wani tunanin ya hau, a nan za a san ko ƙasashen ne suka shirya ko mutanen da ke kan kujera.

Kwamared:
Malam kai dai ba ka taɓa ganin abu ka ce ya yi ba.

Malam Na Tudun Wada:
Na ce hukuncin kotun ya yi. Tun 1986 ba su sake harbin juna a kan wurin ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maman Ilham:
Ni abin da ya tsaya min, tunda sun riga sun kai ƙara tun 1983, da sun yi haƙurin shekara ɗaya tak da hukuncin nan dai shi za a yanke, ba ƙari ba ragi. A gidanmu an yi irin wannan a kan gonar gado a hanyar Soba, yayyena biyu, magana na wajen mai unguwa an sa ranar zama, ɗaya ya kasa haƙuri ya je da daddare ya tuge bini-da-zugun da ke kan iyaka ya matsar da shi taku huɗu. Da safe aka yi kaca-kaca har da fasa kai da kwana asibiti. Da aka zo zaman dattawa suka nemo tsohon kututturen ɗorawa da kowa ya san shi ne alama tun zamanin kakanmu, aka ja igiya daga nan, iyaka ta koma daidai inda take. Yau shekara tara matansu ba sa gaisawa ko a gidan biki.

Bakano a Zariya:
Anti taku huɗun nan buhu nawa na masara zai bayar?

Maman Ilham:
Ko tiya biyar ba zai yi ba. Kuɗin ɗinkin kan ma ya fi haka.

Tsohon Soja:
Jikana na son wayarsa, kuma an kira la'asar. Kwamared in ka samu lokaci ka zo Sabon Gari ka same ni, admin na da lambar yaron, akwai hotunan da muka ɗauka a Baga zan nuna maka, har da shi mai hankicin yana ciki.

Kwamared:
In sha Allahu Baba, Asabar bayan azahar zan shigo. Amma maganar ƙidayar nan ni da Malam ba mu gama ba.

Malam Na Tudun Wada:
Ka biyo ta Tudun Wada ka ɗauke ni mu tafi tare, sai mu ƙarasa a hanya. Man mashin ɗin kuma kai za ka zuba.